Jan Ɗigo a Hanyar Irbid

Lahadi, 6 ga Oktoba, da hantsi

Sun sa wa motar mijina Abu Wa'il kunne. Haka ya shigo yana faɗa jiya, ko takalmi bai cire ba. Kamfani ya tara duk direbobin bas ɗin kosta na hanyar Amman zuwa Irbid, aka canza musu kujera da rigar sitiyari. Ba abin da za ka ɗaura a jiki, ba abin da za ka danna. Kai dai ka zauna ka kama tuƙi, kujerar tana jin bugun zuciyarka da numfashinka ta bayanka, sitiyarin yana jin gumin tafin hannunka da yadda kake matse shi. In hankalinka a kwance yake ta nuna wa ofis kore. In ya fara tashi, ruwan ɗorawa. In ya tashi sosai, ja.

"Shekara talatin ina kan titi," in ji shi, "yau kuma kujera ce za ta gaya wa mutane ko lafiyata ƙalau. Magulmaciya kawai!"

Na ce, "To ai ka samu abokiyar sirri, tunda ni ba ka gaya mini komai."

Ya harare ni, ya ce a kawo shayi.

Wayarsa irin ta da ce mai madannai, don haka lambata ya ba su. 'Yarmu Tahani ta zo daga Zarƙa ta sa abin a wayata. Shi a zatonsa lokacin fita kawai ake turowa. Sai da muka shiga kicin ta nuna mini sauran: taswirar hanya, da wani ɗan ɗigo yana rarrafe a kanta, ɗigon kuwa ubanta ne. Ta ce, "Yumma, don Allah kada ki gaya masa. Kin san halinsa, zai sa a cire."

Ban gaya masa ba.

Litinin, 7 ga wata, bayan azahar

Na ƙona albasa saboda kallon ɗigo.

Daga tashar arewa kore ne. Ya shiga cunkoson Suwailih, inda ko malami sai ya yi zagi, mutumina kore shar. Wallahi sai da na ji wani alfahari ya kama ni, ni kaɗai a kicin. Ya wuce Baƙa'a, ya gangara, ya haye gada. Daf da Jarash, bayan babbar lanƙwasar nan, sai ɗigon ya yi ja. Bai daɗe ba ya koma ɗorawa, ya koma kore, ya ci gaba abinsa har Irbid. Da zai dawo, a daidai wurin, ja kuma.

Da ya shigo na ce, "Yaya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Lafiya lau."

Ya cinye mujaddararsa tas, har ya ce albasar ta yi daɗi.

Talata, da la'asar

Ja. Wuri ɗaya.

Laraba, 9 ga wata, da safe

Manyan farantan Ummu Sa'ad maƙwabciyata suna nan a bayan firij tun ranar mansaf, shinkafa da naman rago da muka dafa don biki. Tuntuni na wanke su. Kullum sai in ce yau zan mayar, sai in tuna da ita aka juye shinkafar ranar nan, da ita kuma aka kwashe ta ba a taɓa ba, aka raba wa unguwa. Ba ta tambaye ni farantan ba. Allah ya saka mata.

Na share ɗakin da ke ƙarshen baranda, na canza zanen gado. Ba wanda ya kwanta a kan na da.

Maigidan ya hana a ambaci sunan ɗanmu a gidan nan, amma ya manta da sunan ake kiran shi kansa. Mai gas ya buga ƙofa, "Abu Wa'il!" Mai burodi, "Barka da asuba, Abu Wa'il!" Liman ma haka. Sai ka ga ya ɗan runtse ido kafin ya amsa, kamar wanda ya taka tsakuwa. Ni kuwa na ƙara yawan kiransa. Abu Wa'il ga shayi, Abu Wa'il ga tawul, Abu Wa'il ka ga mukullina? Bai isa ya hana ni ba, sunansa ne.

Juma'a, 11 ga wata, bayan la'asar

Yau aka zo neman auren 'yar Ummu Sa'ad, aka gayyaci Abu Wa'il cikin masu karɓar baƙi. Ya sa farar rigarsa da jan rawaninsa, ya tsaya yana tambayata ko ya zauna daidai. Na ce ya zauna, na gyara masa duk da haka.

Ya dawo yana dariya, abin da rabona da ji tun bazara. Wai da aka zuba gahawa, babban masu neman ya ajiye kofinsa a ƙasa ya ce ba zai sha ba sai an biya masa buƙata, shi kuma uban yarinya ya shiga dogon jawabi har gahawar ta huce.

"Sak babanki," in ji shi. "Kin tuna? Baffana ya ajiye kofi, tsohon nan ya kama tarihin kakanninku. Ni ina gefe rigata ta jiƙe sharkaf. Kafin ya ce *sha gahawarka* na kusa sumewa."

Na ce, "Da a ce akwai kujerar nan a lokacin, da ta fashe."

Ya ɓare mini rumman, ya tsince farin fatar ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nake so. Ina son mutumin nan. Na rubuta ne don wasu ranakun sai na nemi dalili, yau kuwa ba sai na nema ba.

Lahadi, 13 ga wata, da hantsi

Wata yarinya ta kira daga kamfani, Injiniya Rula. Muryarta mai ladabi. Abu Wa'il take nema, amma da ta ji matarsa ce sai ta saki jiki.

"Inna, ba laifi ya yi ba. A duk direbobinmu babu mai natsuwarsa. Wuri ɗaya ne kawai, lanƙwasar nan ta kusa da Jarash, kullum a nan zuciyarsa take tashi. Muna ganin gangaren ne ya fara yi masa nauyi. Kin san shekaru, da ido."

Na ce idonsa yana ganin ƙura a kan talabijin daga bakin ƙofa.

Ta yi dariya, sannan ta faɗi abin da ta kira ta faɗa. In har ƙarshen wata jan bai daina ba, za su ɗauke shi daga hanyar Irbid su mayar da shi hanyar filin jirgi. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, albashi ɗaya. Wai don lafiyarsa da ta fasinja.

Gaskiya daɗi na ji. Shekara nawa yana kukan gwiwarsa a hawan Jarash?

Lahadi, bayan magariba

Sun gaya masa a tasha. Ya shigo kamar hadari.

"Filin jirgi! In riƙa jigilar akwatuna da mutanen da ba sa ko sallama! Can ai daga tasha sai tasha, ba mai buga kwabo a gilashi. Ni da tun ina saurayi ba a taɓa buga mini gilashi na wuce ba, ko tsohuwa ce da kaza sai na nemi wuri na tsaya mata. Ba zan bar hanyata ba, Nawal. Su kore ni in sun ga dama."

Na ce, "Kai da kake cewa hanyar nan za ta kashe ka?"

"Na fasa cewa."

Ruwa ba ya tsami banza.

Talata, 15 ga wata, da yamma

Ya shiga yaƙi da kujera. Jiya ya ɗauki buzun sallar babansa ya shimfiɗa a kai, wai don kada ta ji. Ofis suka kira suka ce ya cire. Yau safar hannu ya sa. Abu Hilal kwandastansa, tsoho mai haƙori uku da shawara dubu, ya ce ya riƙa shan shayin ganyen maramiyya mai kwantar da hankali kafin fita, ya kuma kunna karatu tun daga gada. Na dafa masa cikin filas. Ya sha, ya kunna.

Ja. Da tafiya, da dawowa.

Alhamis, 17 ga wata, bayan azahar

Tsoro ya kama ni, na ce ko zuciyar ce da gaske. Na tasa shi gaba har wurin likita, yana ta mita a hanya kamar yaron da za a yi wa allura. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka sa shi tafiya a kan injin har ya yi haki. Likita ya ce zuciyarsa ta fi tasa lafiya. Ya tambaye shi ko akwai abin da ke damunsa a gida.

"Alhamdu lillahi, babu komai."

Na kalli likita, likita ya kalle ni. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin fuskar mijina Miflih ba.

A hanyar dawowa ya saya mini kunafa mai zaƙi, wai ladan tsoron da na ji a banza.

Asabar, da safe

Tahani ta turo mini saƙon da ɗan'uwanta ya aiko mata: *Ina lafiya. Ki gaida Yumma.* Na kira lambar. Ta yi ta ringi.

Litinin, 21 ga wata, da la'asar

Abu Hilal ya kawo mana zaitun daga ƙauyensu, yau motar tana gareji ana canza mata taya. Maigidan yana can tare da ita. Na zaunar da tsohon a baranda, na ba shi shayi mai sukari uku, na bari sai da ya kai rabi, sannan na ajiye wayar a gabansa.

"Abu Hilal, mene ne a nan?"

Ya leƙa. "Lanƙwasa ce, Ummu Wa'il."

"Shekara talatin yana shan lanƙwasar nan da hannu ɗaya yana cin gyaɗa da ɗayan. Mene ne a nan?"

"Wallahi ni kuɗin mota nake karɓa, bayana nake ba titi."

"Ka ci gishirin gidan nan ko ba ka ci ba?"

Ya ajiye kofin. Ya share baki da gefen rawani, ya daɗe yana kallon tukunyar na'ana'a.

"Akwai rumfar gahawa bayan lanƙwasar," in ji shi. "Irin na bakin titi. Kin san yadda suke yi, ɗaya ya tsaya a gefen kwalta yana kaɗa faranti don motoci su tsaya."

Na jawo kujerata kusa da shi.

"Tun watan jiya muka gan shi. Ni na fara gani, na yi shiru. Ashe shi ma ya gani ya yi shiru."

"Ya rame?"

"Ya yi duhu dai, rana ce. Amma yana tsaye da ƙafafunsa, da ƙarfinsa. Duk motar da ta taho sai ya kaɗa mata, har da na 'yan sanda. In ya hango tamu sai ya sauke farantin, ya juya yana gyara kofuna."

"Shi kuma fa?"

"Shi? Ko wuyansa ba ya juyawa. Sai dai ƙafarsa ta sauka daga kan mai, mu bi wurin a hankali kamar masu rakiyar amarya. In mun wuce kuma madubin gefe yake kallo har rumfar ta ɓace. Ya ma karkata madubin, yanzu ba ya nuna masa titi sosai, ni nake leƙa masa. Don girman Allah kada ki ce ni na faɗa, Ummu Wa'il. Mutumin nan zai sauke ni a tsakiyar gada."

Na cika masa leda da ma'amul, cincin mai dabino a ciki. Biyu suka faɗi ƙasa.

Litinin, bayan isha'i

Duk hanyoyin da ke ƙasar nan, da ta Aƙaba, da ta Karak, da ta Mafraƙ, sai ya zaɓi ta ubansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kai iri ɗaya, kunya iri ɗaya.

Na ƙara wa Abu Wa'il nama a faranti. Ya ce yau kuma me aka samu? Na ce ba komai.

Laraba, 23 ga wata, da hantsi

Yanzu na gane abin da za su ɗauke masa. Su a ganinsu gangara za su raba shi da ita. Sau biyu a rana yake ganin yaron nan, na ɗan lokacin da mota take wucewa, shi ke nan abin da ya rage a tsakaninsu. In aka mayar da shi filin jirgi, ba zai taɓa ɗaukar ƙafarsa ya je Jarash da kansa ba. Na san shi. Wancan kuma ba zai zo ba, bayan abin da aka faɗa a tsakar gida ranar nan. Ba zan rubuta abin da aka faɗa ba.

Na so in hau kowace mota in tafi. Amma duk direbobin hanyar sun san ni, kafin in sauka labari ya riga ni dawowa. Kuma in na je ni kaɗai, gidan ya rabu biyu ke nan, ni da ɗana a gefe, shi a gefe. Ba haka nake so ba.

Jiya na gwada. Na ce, "Abu Wa'il, hannunka fa ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ya ajiye cokali. "Na tara 'yan'uwana tun daga Ajlun, Nawal. Na ɗaura wa motata ribon na biki. Na zauna a zauren jami'ar nan ranar yaye ɗalibai ina jiran a kira sunansa." Ya ture farantin. "Da ya gaya mini tun shekarar da karatun ya gagare shi, me zan yi masa? Cinye shi zan yi?"

Na so in ce wataƙila abin da ya zata ke nan.  Ya tashi ya tafi wanke motar da aka wanke da safe.

Juma'a, 25 ga wata, da asuba

Ruwan farko ya sauka. Rumfar tana da rufi kuwa?

Juma'a, bayan la'asar

Na buɗe kabad in fito da kayan sanyi, babu rigar sanyin nan tasa ta fata mai ruwan ƙasa, wadda yake ji da ita kamar me. Na tambaye shi. Ya ce ta tsufa, ya bayar sadaka.

Na kira Abu Hilal. Ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Jiya ya ba ni a leda, ya ce in ba direban motar da ke bayanmu ya ajiye a rumfar, a ce wani fasinja ne ya manta."

Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana. Tsohon banza. Tsohon kirki.

Lahadi, 27 ga wata, da hantsi

Injiniya Rula ta sake kira. Alhamis ce rana ta ƙarshe, jan kuma ƙaruwa ma yake yi. Ta ce ta san ransa ya ɓaci, ita ma babanta direba ne kafin ya rasu, a kan hanya, shi ya sa ba ta wasa da abin nan.

"Inna, na'urar ba ta ƙarya."

Na ce, "Na sani, 'yata. Gaskiya take faɗa. Ba ta dai san gaskiyar mene ne ba."

Ta ce ba ta gane ba. Na kusa gaya mata, sai na tuna ba sirrina ba ne ni kaɗai. Na yi wa babanta addu'a, muka yi sallama.

Litinin

Ja. Ja.

Talata, 29 ga wata, da yamma

Na ce masa gobe zan je Irbid wurin Yaya Fathiyya in karɓo man zaitun na bana.

"Ke da Fathiyya da rabonku da magana tun Sallah?"

"Man zaitun bai yi faɗa da kowa ba."

"To ki hau ta Abu Sami, ita ke fara fita."

"Motar mijina tana nan in hau ta wani? Me za a ce a tasha?"

Ya daɗe yana kallona. Na ci gaba da tsince lentil, ƙananan waken miya, kamar ban gani ba. Na nemo rubu'in dinari na ƙarfe na sa a aljihun riga.

Laraba, 30 ga wata, bayan magariba

Bari in rubuta shi yadda ya faru, tun kafin in fara ƙara masa gishiri.

Abu Hilal ya zaunar da ni a bayan direba, kusa da taga, bai yarda mun haɗa ido ba. Mota ta cika: 'yan jami'a, soja ɗaya, mata biyu da jariri, da wani dattijo mai jan rawani da sanda a kujerar gaba. Wayar tana kan cinyata a ƙarƙashin mayafi. Kore har Baƙa'a. Ina kallon ƙeyar mijina, na ga furfurar ta ƙaru, ban lura ba sai yau.

Muna hawa gada ɗigon ya zama ɗorawa. A ido kuwa ba abin da ya canza, hannunsa yana kan sitiyari kamar kullum. Muka shiga lanƙwasar. Ja. Ƙafarsa ta sauka daga kan mai.

Sai na hango shi. Rigar fata mai ruwan ƙasa, ta yi masa yawa a kafaɗa, faranti yana walƙiya a hannunsa. Ya ga motar, hannun ya sauka.

Na fito da kwabon na buga a gilashi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Idon Abu Wa'il ya zo madubi. "Nawal."

"Akwai mai sauka, direba."

Motar ta ci gaba da gangarawa a hankali. Na sake bugawa, da ƙarfi har jaririn ya farka.

"Kai direba, kurma ne kai?" in ji dattijon gaba. "Hajiya ta buga!"

Sojan ma ya ce, "A tsaya mata mana, Baba."

Ban san abin da ya wuce a ransa ba. Na dai ga ya kunna sigina, ya sauka daga kwalta, ya taka birki a hankali yadda yake yi in akwai tsofaffi a mota. Muka tsaya daidai bakin rumfar. Abu Hilal ya buɗe ƙofa. Ni kuwa ban tashi daga kujerata ba.

"Ba sauka zan yi ba," na ce. "Gahawa nake so."

Na zata za su yi mini ca. Sai dattijon ya ce, "Wallahi kin yi tunani, ni ma tun Suwailih nake hamma. Kai saurayi! Ɗaya mai sukari kaɗan!" 'Yan jami'a suka ce su ma. Wa'il ya zo bakin ƙofa kansa a ƙasa yana karɓar oda, sai da ya ɗago ya gan ni. Ya ce, "Yumma," a hankali, kamar wanda aka taka. Na kama hannun rigar na sumbaci kansa a gaban soja da kowa. Warin hayaƙi da hel, kayan ƙamshin gahawa, yake yi.

Ya je ya dafa, ya raba wa kowa nasa. Ubansa bai motsa ba, idonsa a kan titi, injin yana aiki. Ba wanda ya yi wa direba oda. Amma na ga yaron ya zuba kofi ɗaya na ƙarshe, ya zagaya ta gaban motar, ya tsaya a tagar direba. Ya daɗe a tsaye kafin gilashin ya sauka.

"Ba sukari, Yaba," in ji yaron, yadda ya saba kiran ubansa.

Abu Wa'il ya karɓa. Ya kalli kofin. Sai ya miƙa hannu ya ajiye shi a gaban mota, kusa da gilashi, ya mayar da hannunsa kan sitiyari.

Na ce a raina ya ƙi. Dattijon ne ya riga ni ganewa. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"A'a! Direba ya ajiye kofi. Saurayi, da buƙata aka zo maka. Ku yi shiru, ku 'yan baya!"

Motar ta yi tsit. Mijina, wanda ya tara dangi daga Ajlun, yau shi ne mai roƙo a bakin titi, a gaban baƙi, da kofin takarda. Har yanzu titi yake kallo.

"Uwarka tana dafa abinci ba mai ci," in ji shi. Muryar ba tasa ba ce. "Jibi Juma'a."

Wa'il ya rungume farantin a ƙirji. Leɓensa yana rawa, irin na ranar da aka fara kai shi makaranta.

"Sha gahawarka, Yaba."

Ya ɗauka ya shanye a kurɓi ɗaya, da zafinta, na san ya ƙone harshe. Ya miƙa kofin ta taga, ya ce, "Ka ja zif ɗin rigar nan, Yaba, akwai iska," da sunan da yake mayar masa tun yana rarrafe. Dattijon ya ce a yi salati, aka yi. Matar da ke da jariri tana share ido, ba ta ma san mene ne ba.

Sai da muka wuce Jarash na tuna da wayar. Ban taɓa ganin ja irin wannan ba, ya daɗe kuma bai sauka ba. Na ce shi ke nan, na ƙarasa shi da hannuna.

Har Irbid bai ce mini uffan ba. Dole na je gidan Yaya Fathiyya, tunda na faɗa. Mun shirya. Man bana ya yi kyau.

Alhamis, 31 ga wata, da la'asar

Na kasa girki, na zauna da waya. A gada ɗorawa. A lanƙwasa ɗorawa. Sai ɗigon ya tsaya cak a bakin titi, ya ɗan jima, ya koma kore a tsaye. Da dawowa ma haka.

Injiniya Rula ta kira, muryarta a rikice. Jiya ya fi kowace rana muni, har ta rubuta takardar canjin. Yau kuma babu ja ko ɗaya, sai dai ya tsaya a inda ba tasha ba.

"Me ya canza, Inna?"

Na ce, "Gahawa yake sha a wurin."

Ta ce za ta riƙe takardar a ga wata mai zuwa. Tsayawar kuma za ta rubuta ta a matsayin hutu kafin gangara, tunda da alama tana yi masa amfani. Na ce ta rubuta haka, gaskiya ne.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ya zo. A farantan Ummu Sa'ad na zuba mansaf ɗin, gobe zan mayar mata da su da nata kason a ciki.

Ba a yi maganar komai ba. Sun yi hirar taya, da ruwan sama, da tsadar hel. Tahani ta yi ta surutu don ta cike gurbi. Bai kwana ba, wai da sassafe suke buɗe rumfa, uban kuma bai ce ya zauna ba. Da sauran tafiya, na sani. Amma ana cikin ci na ji an ce, "Wa'il, miƙo ruwan nan," a cikin gidan nan, da bakin mai gidan.

Da suka watse ina wanke-wanke, sai ga shi ya tsaya a ƙofar kicin yana sakace.

"Magulmaciyar me ta ce ranar Laraba?"

Na ce, "Wace magulmaciya?"

"Ta wayarki. Ja ne ko?"

Kumfa a hannuna har gwiwa, na juyo ina kallonsa. "Ka san ina gani?"

"A ofis sun nuna mana komai ranar da suka sa ta. Suka ce wanda ba shi da babbar waya ya bar wurin lambar ba rubutu, ba dole ba ne." Ya duba tsinken sakacen kamar akwai rubutu a jiki. "Kin daɗe ba ki gane ba, Nawal. Na zata kin fi haka kai."

Na ɗauki soso na jefe shi da shi. Ya kauce, ya ce a kawo shayi.